Inna da Mai Kushe Mata Kaya

Atamfar da na saya ta waya ce ta jawo maganar. A hoto na gan ta, koriya mai ratsin ja, mai sayarwar kuma ta yi ta rantsuwa cewa ba ta zuba. Na tura kuɗi, mai Keke ya kawo mini ita har ƙofar gida a Yolde Pate, na ɗauka da rawar jikina na kai wa mahaifiyata, wadda muke kira Inna, don ta yi ɗinkin Sallah. Ko warware ta ba ta yi ba. Ta kai hanci ta sansana, ta lashi yatsa ta murza gefen zanen, sannan ta miƙo mini yatsan in gani. Ya yi kore shar.

"Wa ya kushe miki ita kafin ki biya?" in ji ta.

Na ce, "Inna, a waya ake saye yanzu. Ba mai kushewa."

"Ai ga shi nan."

Ta ture ledar gefe. Na ɗauka maganar ta mutu, ina ta cika ina batsewa a raina, don ni mutum ce mai saurin fushi, kuma na tsani a nuna mini an ci ni da wayo. Can sai ta ce, "Ni ba zane ne damuwata ba. Ki kawo mini Adda. Mu shiga kasuwa ni da ita ko sau ɗaya ne, mu zaɓi turminmu, tun ƙafata tana iya ɗaukata."

Inna ba mai roƙo ba ce. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ita na dawo da ita gidana, ban taɓa jin ta ce a yi mata kaza ba, ko ruwa ne sai ta lallaɓa ta ɗebo da kanta. Jin haka ya sa fushina ya sauka nan take, tausayinta ya kama ni, na ce mata zan kawo ta.

Wadda Inna ke kira Adda, wato yaya da Fulatanci, ba su haɗa jini ba. Mu yara Mama muke ce mata. Bachama ce daga wajen Numan, Kirista, mijinta malamin firamare. Gidan haya ɗaya muka tashi da 'ya'yanta a Limawa, ƙofarmu na kallon tasu, igiyar shanya ɗaya, murhu kusa da murhu. Kakannin Inna fatake ne da suka gangaro daga Kano suka zauna a Jimeta, don haka Mama ba ta da sunan da take kiran ta da shi sai "'yar Kano", duk da a Jimeta aka yanke wa Inna cibiya.

Ba abin da ɗayarsu za ta saya, in dai ya wuce gishiri da ashana, ba tare da ɗayar ba. Dalili kuwa a fuskar Inna yake. Allah ya yi ta da sanin zane, amma bai ba ta ɓoye so ba. Da ta ga atamfar da ta kwanta mata, idonta zai yi haske, hannunta ya kasa barin ta, mai shago kuwa da ya ga haka ya san ya samu. To aikin Mama shi ne ta tsaya a bayanta ta murtuke fuska, ta yi ta nemo aibu. In an koma layin masu kifi sai su juya, don Mama 'yar bakin kogi ce, in ta ga banda mai kyau har haɗiyar yawu take yi. A nan Inna ce ke yatsina fuska.

Zagayen farko ba sa taɓa komai. Su bi layin atamfa daga wannan bakin zuwa wancan suna gaisawa, suna tambayar iyali, suna jin farashi kamar ba su damu ba. Sai a dawowa su zauna a bencin wanda suka zaɓa. Ina tuna wani mai shago, Ibo ne mai fara'a, da ya hango su zai ɗora hannu a ka.

"Madam, dis wan na orijina. Wallahi Holan ne, ga takarda, duba!"

"Takarda ai manna shi ake yi," in ji Mama. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. "Kawo shi waje, rana ya gani. Wannan wuta naka ƙarya yake yi."

Haka za a fito da turmi waje, don ba su yarda a duba zane a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago ba. Mama ta ɗaga shi sama ta ga ko rana na ratsa shi. Ta juya bayansa ta ga ko launin ya kama kamar na gaba. Ta cukuikuye gefe ɗaya a tafin hannu ta karkaɗe, in fari ya fito kamar gari, to sitaci aka ɗura masa don ya yi nauyi, wanki ɗaya zai koma tsumma. Daga nan ta jiƙa farin hankicinta ta goga. Duk wannan tana yi tana mita: ratsin ya karkace, launin na tsofaffi ne, irinsa ta gani a jikin wata a coci har ya koɗe.

"'Yar Kano, tashi mu tafi. Mutumin nan ya ga matan ƙauye."

Inna ta miƙe da ƙyar kamar ana cire mata haƙori. Mai shago ya ce su dawo su taya. Inna ta taya, ya ce albarka, Mama ta sake samo wani aibin. Kada a ɗauka wasan kwaikwayo ne kawai. In zanen na banza ne, da gaske tafiya za su yi, ko Inna na so ko ba ta so. In kuwa na kirki ne, za a kai wani wuri da Mama za ta rasa abin faɗa, ta yi shiru, ta juya kai tana kallon masu wucewa. Wannan shirun shi Inna ke jira. Muddin mai kushewa tana magana ba a kwance bakin zane a ciro kuɗi.

A layin kifi kuwa abin da na fi riƙewa shi ne maganar ƙuda. Inna ce ke faɗa da ƙarfi don mai kifi ya ji, amma Mama ce ta koya mata: bandar da ka ga ko ƙuda ɗaya ba ya sauka a kanta, an fesa mata maganin ƙwari, abin da ƙuda ya ƙi kuwa ba na tukunyarka ba ne. Sai a buga kifin a tafin hannu a ga ko zai zubar da gari, a goga yatsa a ga ko mai aka shafa masa don ya yi sheƙi.

Ni a lokacin haushi suke ba ni. A zafin Jimeta, wanda ke sa kwalta ta yi laushi, a fita da hantsi don turmi ɗaya a dawo bayan la'asar! Ƙafata ta yi tsami, maƙogwarona ya bushe, su kuwa suna zaune suna shan ruwan mai shago suna zagin kayansa. Yau da za a ce in sake tsayuwar nan a bayansu, da gudu zan je.

Turmin nan da suke wahala a kansa na shekara ne. Babba suke saye, a kawo gida a shimfiɗa a tsakar gida, a raba biyu da almakashi. Inna ta sa nata ran Sallah, Mama ta adana nata sai Kirsimeti. In an yi suna ko biki a unguwa su fito iri ɗaya, mata na ce musu tagwaye.

Sai tashin hankalin nan na 'yan ta da ƙayar baya ya zo. Da fari labari ne daga nesa, daga baya mutane suka fara kwararowa daga arewacin jihar, da tabarmi da yara a kafaɗa, kowane gida a Limawa ya cika da baƙi. An riga an hana acaɓa, ga dokar hana fita, ga shinge a kan hanya. A ƙofar kasuwa aka sa masu bincike. Lokacin na riga na fara aiki, amma ranar Asabar nakan raka su. Wata rana wani mai binciken ya tsare Inna ya ce ta ɗaga hijabinta tun daga nesa kafin ta matso. Inna ta tsaya cak, kunya ta rufe ta. Mama ta yi kansa kamar za ta cinye shi.

"Kai, wannan ƙanwana ne! Ka fara da ni in bincike kake so. Shekara nawa muna shiga kasuwa nan, ba a haife ka ba!"

Aka bar su suka wuce, amma a ranar ban ji Inna ta taya komai ba.

Abin da tsoro ya fara kashewa shi ne zama. Sayayya irin tasu lokaci take ci, ga shi kowa na cewa kada a daɗe a cikin taro. Masu shago suka ɗauke bencunansu. Mutum ya shigo, ya nuna, ya biya abin da aka ce, ya fita yana waiwaye. 'Yan cuwa-cuwa suka samu yadda suke so, don wa zai tsaya ɗaga zane a rana alhali zuciyarsa na dukan uku-uku? A shekarun nan aka cika gari da kayan banza, mudu ya ƙanƙance, man gyaɗa ya koma abin da ba a san sunansa ba. Bayan ranar da bam ya tashi a kasuwa, muka ji ƙararsa har tsakar gida, yayana ya rantse Inna ba za ta sake taka wurin ba. Ba a jima ba mijin Mama ya yi ritaya, ya ce ya gaji da zuwa coci ana caje shi a ƙofa, zai koma gida. Wata safiya aka loda kayansu a mota. Inna ta taya su ɗaure tukwane, sai da motar ta sha kwana ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Numan ba nisa ba ne, kowa ya sani. Amma shekaru suka yi ta tafiya. Yau hanya ba lafiya, gobe rashin lafiya, jibi rasuwa. Mijin Mama ya rasu, yayana ne ya je mana gaisuwa. Mahaifinmu ya rasu, 'yar Mama ce ta zo. Suna waya, amma wayar ba ta yi musu daɗi, gaisuwa ce kawai da "ya jiki" sai su rasa abin faɗa. Ashe hirarsu a kan kaya take tafiya.

Da gari ya lafa na taɓa kai Inna kasuwa, na ce yau ni ce mai kushewa. Ban yi nisa ba. Mai shago ya ce mini, "Hajiya, ke da kike ma'aikaciya," na ji kunya na yi dariya, na ce a naɗe mana. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce bakina a gida kawai yake da kaifi. Daga ranar ba ta sake neman zuwa ba, duk abin da aka kawo mata ta karɓa ta ce an gode.

To ga shi yanzu ta roƙa. Na kira 'yar Mama, wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ta ce, "Ke, Mama fa yanar ido ta rufe mata gani, da ƙyar take gane mutum. Me za ta gani a kasuwa?" Na ce ta kawo ta kawai. Aka yi ta sa rana ana ɗagawa, har wata Asabar suka sauka a tasha da safe.

Na ɗauka za a yi koke-koke. Da Mama ta shigo, ta rame, tana dogara sanda, sai ta lalubo hannun Inna, ta gangara ta kama gefen zanenta ta murza.

"'Yar Kano, wa ya saya maka wannan? An cuce ka."

Inna ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun muna Limawa. Ni ce na fita waje na share hawaye.

Keke biyu muka ɗauka. Kasuwar ta canza musu. Layin atamfa ya koma wani gefe, mai shagonsu na da an ce ya tattara ya koma garinsu tun lokacin tsoro, sauran fuskokin duk sababbi. Inna na jingine da kafaɗata, Mama na riƙe da 'yarta, amma sai da suka yi zagayen farko bai ragu ba, suna tafe kamar masu taka ƙwai. A dawowa muka tsaya a shagon wata mata. Ba benci, sai da aka aro musu kujerun roba a maƙwabta.

Nan Inna ta gan shi. Shuɗi ne mai duhu, da zanen ganye ruwan ƙasa. Idonta ya yi hasken nan da na sani. Aka sauko da shi, Mama ta ce a fito da shi rana, ta ɗaga shi sama duk da na san ba abin da take gani sai haske. Ta cukuikuye, ba gari. Ta goga jiƙaƙƙen hankici ta miƙa wa Inna, fari tas. Ni kaina da na taɓa na ji nauyinsa da laushinsa, na san wannan zane ne na gaske. Mai shagon ma ba ta tsawwala ba, da Inna ta taya ba a ja da nisa ba, ta sallama. Na kai hannu jaka ina jiran Mama ta yi shiru.

"Ganye ɗin ya yi girma," in ji Mama.

Wadda ba ta gani! Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta danne mini ƙafa.

"Gaskiyarki, Adda. Kuma shuɗin ya cika duhu."

"Zai riƙe zafi. A Jimeta nan mutum zai dahu a ciki."

"Bari mu duba gaba."

Muka duba gaba. Muka duba gaban gaba. Aka yi azahar, Inna ta yi salla a zaune a bayan wani shago, Mama na gadin takalminta. Aka sayo musu kunun aya suka sha. Suka bi ta layin kifi suka zagi bandar mutane son ransu, ba su sayi ko ƙaya ba. Sannan suka ce a koma wurin shuɗin nan. Aka sake saukowa da shi, aka sake fitowa rana. Wannan karon Mama ta ce gefensa bai yi mata ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ga gwiwar Inna ta kumbura, ga mai shago ta fara tsaki, ga motar Numan ba ta jiran kowa. Na ja 'yar Mama gefe na ce tsufa ya taɓa su, zane ba shi da aibu ko ɗaya. Ta ce mini a hankali, "Ke ba ki gane ba? In sun saya ai an gama." Na juya na dube su. Turmin na shimfiɗe a kan cinyoyinsu su biyu, kowace ta ɗora hannu a kai, suna gardama a kan ganye.

Da la'asar ta yi sanyi Mama ta ninke zanen da kanta ta miƙa wa mai shi. A tasha, sai da ta zauna a mota Inna ta leƙa ta taga.

"Adda, kasuwar yau ba kaya. Sai kin dawo."

"Sai na dawo, 'yar Kano. Kar ka saya komai, za a cuce ka."

Washegari na shirya da wuri na ce wa Inna zan je in ɗauko shuɗin nan kafin wani ya riga mu, in raba biyu in aika wa Mama nata a mota. A ganina na yi dabara. Inna ta riƙe mini mayafi.

"Kul. In kika saya, me zai dawo da ita?"

Na ajiye jakata. Sallah ta zo, Inna ta sa tsohon zanenta. Kullum in na dawo aiki sai ta tambaye ni ko na ji labarin hanyar Numan, ko an ce damina ta ɓata ta. Ta koma shan maganin gwiwa a kan lokaci, ita da sai an yi faɗa da ita take sha. Aka sa rana bayan girbi, aka ɗaga zuwa bayan Kirsimeti, don Mama ta ɗan kwanta.

Ina ofis 'yarta ta kira ni. Tun daga yadda ta ambaci sunana na gane. Na dawo gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, na durƙusa a gabanta na faɗa mata Mama ta rasu. Ta yi salati, ta ajiye faifan a hankali. Na yi zaton za ta tambayi yadda aka yi, ko yaushe za a binne ta.

"Da kin ƙi jin maganata," ta ce. "Da yanzu rabi na wurinta, rabi na wurina."

Ban tsaya cire kayan aiki ba, na tari Keke na nufi kasuwa. Mai shagon ta gane ni, har ta tambayi tsofaffin nan biyu masu rigima. Na ce shuɗin nan mai ganye nake so, ko nawa ne. Ta ce ai ya daɗe da ƙarewa, kuma an daina kawo irinsa.